Tsohon soja da takardun likita da suka ɓace: ina za a nemo su, yaya za a miƙa su?



Yau za mu yi bayani kan wata matsala da ta shafi gidaje da dama a Adar. Mutum ya yi aikin soja, ko jandarma, ko gardi. Ya ji rauni a bakin aiki, ya bar kaki, ya komo gida. Yanzu ƙafa ba ta ɗaukarsa zuwa gona, ko kunne ya daina ji, ko barci ya gagara. Ya kai dosiyensa don neman kuɗɗin naƙasa, sai aka ce masa: "Dosiyenka bai cika ba, babu takardun likita." Shi kuwa takardun nan, wasu gara ta ci, wasu ruwan damina ya lalata lokacin da ɗaki ya faɗi, wasu tun farko ba a ba shi su a hannu ba. To, shi ke nan hakkinsa ya tafi? A'a. Akwai hanyoyin bi, sai dai suna son haƙuri da tsari.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Tawa ce cibiyar yankin tsaro na 4 na rundunar sojan Nijar. Ranar 6 ga Oktoba 2016, a Tazalit cikin gundumar Tasara, an kashe jami'an tsaro 22. Ranar 2 ga Oktoba 2023, kusa da Tabatol, soja 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Amma bayan kowane hari irin wanga akwai waɗanda suka tsira da rauni, kuma ba a cika jin labarinsu ba. Haka nan akwai na tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009 lokacin da nakiyoyi suka yi ɓarna a arewa, da waɗanda suka yi yaƙin Difa, da waɗanda aka tura Kodibuwa da Mali. Da yawansu yanzu suna zaune a Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Bambay, Keita da unguwannin Tawa.

Mi likitocin soja ke son sani?

Kafin a fara yawon neman takarda, ya kamata a gane amfaninta. Kuɗɗin ritaya daban, kuɗɗin naƙasa daban. Na ritaya ana lissafa shi da shekarun aiki da muƙami, kuma asusun CARENI ne ke kula da fanshon ma'aikatan gwamnati da na soja. Na naƙasa kuwa ya rataya ga ciwon da aiki ya jawo. Likitocin soja su ke duba mutum, sannan kwamitin da ake kira commission de réforme da Faransanci ya dubi dosiyen.

Tambayoyi 3 ne ake son amsarsu. Ta farko: wani abu ya faru da kai lokacin da kake bakin aiki? Yaushe, a ina? Ta biyu: yau wace naƙasa ke jikinka, kuma kashi nawa cikin 100 ta rage maka ƙarfi? Ta uku, wadda ita ce mai wuya: naƙasar ta yau daga wancan abin ta samo asali?

Ta biyu ba ta da matsala, don jikinka yana nan, likita zai gani da idonsa. Ta farko da ta uku su ke buƙatar tsohuwar takarda. Gurguwar ƙafa ba ta faɗin ko nakiya ce ta taɓa ta a 2008, ko babur ne ya kada mai ita a hanyar kasuwa bayan ya bar aiki. Takarda ce ke rarrabewa. Saboda haka duk abin da aka rubuta a ranar da abin ya faru, ko a kwanakin da suka biyo baya, ya fi takarda goma da aka rubuta bana daraja.

Takardun da ake nema

Za mu faɗi sunayensu da Faransanci yadda suke a rubuce, don in ka je biro ka san abin da za ka ce.

Akwai état signalétique et des services, wato takardar tarihin aikinka: ranar da aka ɗauke ka, rundunonin da ka zauna, inda aka tura ka, da ranar da ka fita. Akwai livret médical, littafin lafiyarka na soja, wanda ke farawa da awon da aka yi maka ranar ɗauka. Wanga awon na farko yana da muhimmanci, don shi ke nuna da lafiyarka ka shiga. Akwai rapport circonstancié, rahoton da shugaban rundunarka ya rubuta kan yadda abin ya faru. Akwai registre des constatations, babban littafin da ake rubuta raunuka da cututtukan da suka sami soja a bakin aiki. Abin da za ka nema shi ne extrait, wato a kwafo maka layin da ya shafe ka. Sai takardun asibiti: ta kwanciya, ta sallama, rahoton aikin tiyata, hotunan ƙashi, sakamakon awon jini da takardun magani.

Takardarka ta ɓace, rajista ba ta ɓace ba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardar da aka ba ka a hannu ba ita kaɗai ba ce. Duk inda aka taɓa jikinka, an rubuta sunanka a wani littafi. Don haka aikin farko shi ne ka zamna da wani mai rubutu, ɗanka ko malamin lakwal, ku jera tafiyar da aka yi da kai tun daga ranar da ka faɗi.

Mu ɗauki misali. Soja yana cikin mota, ta taka nakiya. Ma'aikacin lafiya na runduna ya ɗaure masa rauni nan take. Aka kai shi likitar bariki, aka wuce da shi babban asibitin jiha, daga baya aka ɗauke shi zuwa Yamai aka yi masa aiki. Wurare 4 ke nan, kuma kowane yana da rajistarsa. Ko a asibiti guda ma, littafin masu kwanciya daban, na ɗakin tiyata daban, na ɗakin hoto daban, na wurin ƙarin jini daban. In an ce maka ba a ga dosiyenka ba, kada ka juya. Ka roƙa a duba littafin ɗakin tiyata na wannan wata. Sau da yawa dosiye na ɓacewa, littafin kuwa yana nan cikin kabad.

Ga inda za a ƙwanƙwasa. Rundunar da kake ciki lokacin da abin ya faru, ba wadda ka yi ritaya a cikinta ba, don can aka rubuta rahoton. Likitar barikin. Hukumar lafiya ta soja a Yamai, da asibitin soja na can. Asibitocin farar hula: babban asibitin jihar Tawa, asibitocin gunduma irin na Abalak, Cintabaradan, Keita ko Ƙwanni, da manyan asibitocin Yamai. In hatsarin mota ne a hanya, jandarmomi sun rubuta procès-verbal, a nemi kwafinsa a birgad ɗin da ta yi binciken. In an fitar da kai waje magani, kamar Tunisiya ko Maroko, akwai takardar amincewar fitarwa a Yamai, akwai kuma rahoton asibitin can.

Kada a manta da wuraren da mutum ya kai kansa da kuɗɗinsa. Mutanenmu da yawa na zuwa asibitin Galmi, wasu na tsallakawa Sakkwato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko littafin majo na ƙaramar likitar ƙauyenku, in ya nuna shekara da shekaru kana zuwa da ciwon ƙafar nan, shaida ce cewa ciwon bai taɓa rabuwa da kai ba.

A lura: soja da jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, gardi kuwa, wato Garde Nationale, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Kowa ya fara da gidansu. Wanda ya yi aiki lokacin da ake kiran rundunar FNIS, kafin ta koma Garde Nationale a 2010, ya rubuta tsohon sunan cikin wasiƙarsa, don mai bincike ya san kabad ɗin da zai buɗe.

Yadda ake roƙo

Magana da baki ba ta barin sawu. A rubuta wasiƙa da Faransanci, gajera. A sa cikakken suna yadda yake a takardun soja, lambar soja, shekarar ɗauka, runduna, ranar da abin ya faru ko aƙalla wata da shekara, da sunan takardar da ake so. A sa lambar waya mai aiki. A haɗa da fotokofin katin ɗan ƙasa da na katin soja.

A yi wasiƙar kwafi 2. Ɗaya a bari, ɗaya a buga mata hatimi da kwanan wata a maido maka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne makaminka. In ka komo bayan wata guda aka ce ba a san zancen ba, shi za ka fiddo.

Wanda bai tuna rana ba, ya yi amfani da abin da ya tuna. Cikin azumi ne? Bayan babbar salla? Shekarar da aka yi zaɓe? Shekarar da aka haifi ɗiyarka ta fari? Takardar haihuwarta za ta ba da shekarar. Mai biro ba zai buɗe littafin shekara 10 saboda kai ba, amma in ka ce masa tsakanin watan kaza da watan kaza, aikin ya yi sauƙi.

Sirrin majinyaci doka ce, shi ya sa asibiti ba ya ba kowa takardun wani. In tsohon ba ya iya tafiya, ya yi wa ɗansa ko ƙanensa takardar wakilci, wadda ake kira procuration, a kai ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya a tabbatar da sa hannun. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne. Kada a biya kuɗɗin mota a je a tarar an manto wannan takarda a gida.

In an nema ko'ina ba a samu ba

Yana faruwa. Runduna ta tashi, an kai wa sansani hari an ƙone komi, ko ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Nan ma ba a yanke ƙauna.

Da farko, a roƙi wurin ya rubuta cewa an bincika ba a samu ba. Wannan takarda tana nuna laifin ba naka ba ne, kuma ka yi iya ƙoƙarinka.

Na biyu, shaidu. Shugaban da ya jagorance ku ranar, ma'aikacin lafiyar da ya ɗaure ka, direban da ya ɗauke ka, abokan da kuke mota guda. Kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa, da rana da wuri, ya sa sunansa da muƙaminsa da lambarsa, a tabbatar da sa hannunsa. Kada mutum 3 su kwafi magana guda kalma da kalma, don mai karatu zai gane haɗa baki aka yi. Shaida ba ta kai rahoton asali ƙarfi ba, amma in ta dace da takardar tarihin aikinka, wadda ta nuna lalle kana wurin a wannan wata, tana da nauyi. A hanzarta, don shaidu ma tsufa suke yi.

Na uku, ƙananan takardu da ake rainawa: takardar hutun jinya, takardar da ta sauke maka sintiri ko faretin safe, takardar umarnin tafiya, takardar yabo ko lambar girma da ta ambaci raunin, har hoton da aka ɗauke ka da bandeji. A tattara duka.

Na huɗu, sabon awo. Jiki ma yana riƙe tarihi. Ɓarɓashin ƙarfe na nakiya ko harsashi yana fitowa a hoton ƙashi ko bayan shekara 20. Ƙashin da ya karye ya ɗore yana barin alama. Kunnen da ƙarar fashewa ta lalata, akwai na'urar da ke auna yawan jin da ya rage. Ka gaya wa likita labarin duka, ka roƙe shi ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, da ko ya dace da abin da ka faɗa. Kada ka ce masa ya rubuta abin da bai gani ba. Takardar ƙarya guda tana iya kashe dosiye mai gaskiya, ta kuma kai mutum gaban alƙali.

Raunin da ido ba ya gani

Iyaye mata da matan aure, wanga sashe naku ne, don ku kuka fi sani. Akwai wanda ya komo ba tabo ko ɗaya, amma ba shi ne wanda ya tafi ba. Yana firgita cikin barci, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, ya daina shiga mutane, fushi ba dalili. A gida sai a ce iska ce, ko sammu. Likitoci sun san wannan ciwo, yana kama wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, kuma ana maganinsa. Addu'a ba ta hana zuwa likita. In ba a taɓa kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, babu takardar da za ta shiga dosiye, kuma abin da ba a rubuta ba kwamiti ba zai lissafa shi ba. Ba abin kunya ba ne. Rauni ne kamar na ƙafa.

Matsalar suna

Dosiye da yawa ba rashin takarda ke tsai da su ba, saɓanin suna ne. A takardar soja an rubuta Mahamadou, a asibiti Mamane, a katin ɗan ƙasa Mohamed. Nan an sa sunan uba, can an sa na kaka. Nan "an haife shi wajen 1968", can 1970. Kafin a miƙa komi, a shimfiɗa takardun a tabarma a gwada su ɗaya bayan ɗaya. In akwai saɓani, a je kotu a nemi takardar da ke tabbatar da cewa mutum guda ne. Kada a goge, kada a gyara da biro a gida. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ mai taimakon talakawa kan sha'anin shari'a, tana da biro a manyan kotuna.

Ranar miƙawa

Asali ya zauna gida cikin leda, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa. Kwafin da aka tabbatar shi ake miƙawa, sai in an ce lalle a nuna asalin, a nuna a karɓo. A jera takardun bisa kwanan wata, a sa musu lamba, a rubuta jerinsu a takarda ta sama. In ƙari ne kake kawowa kan dosiyen da ya riga ya shiga, ka rubuta lambar dosiyen da ranar da aka karɓe shi, in ba haka ba sabbin takardun na iya zama a wani tebur, dosiyen na wani. A karɓi shaidar miƙawa mai hatimi. A tambayi sunan biron da dosiyen zai tafi, a rubuta.

In an kira ka gaban likitoci, kada ka ƙi zuwa, kada kuma ka yi jarumtar soja ka ce "lafiya lau". Faɗi abin da ba ka iya yi: noma, ɗaukar kaya, durƙuso a salla. In an ƙi amincewa, ka nemi a ba ka amsar a rubuce da dalilinta. Ƙara tana da wa'adi, saboda haka a kai takardar ga masanin doka cikin kwanakin farko. Ofishin tsoffin sojoji da ƙungiyoyinsu ma sun san hanyoyin, kuma matambayi ba ya ɓata.

Waɗanda suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya

Wanda ya ji rauni da hular Majalisar a kansa, a Kodibuwa ko Mali, akwai wata diyya ta daban. Tun 2018 mafi yawanta dalar Amurka 77,000 ce ga wanda ya rasu, mai naƙasa kuwa ana ba shi gwargwadon kashin naƙasarsa. Soja ba ya nemanta da kansa, ƙasarsa ke shigar da buƙatar ta hannun wakilcinta a New York. Aikin Kodibuwa ya rufe a 2017, na Mali a ƙarshen 2023, don haka ba sauran asibitinsu da za a je. A nemi rahoton ta hannun hukumar sojanmu.

Mazan jiya na zamanin Faransa

Kafin a kafa rundunar Nijar a 1961, kakanninmu sun yi wa Faransa yaƙi a Turai, Indocin da Aljeriya. Dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kuma a 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa ta ce an nuna masa bambanci. A 2007 aka daidaita kuɗɗin naƙasa da na Faransawa. Mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai matansu. Takardun aikinsu suna garin Pau, na asibitocin soja suna Limoges, ofishin fansho yana La Rochelle. Tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, wasiƙa ce hanya, kuma ɗan uwa da ke can zai iya bin sawu in yana da takardar wakilci da shaidar dangantaka.

Ku da ke waje

Kuɗɗin da kuke aikowa ta Nita ko Amana, ku ware na mota, na hoto da na fotokofi. Ku sa a ɗauki kowace takarda hoto da waya, mai fitowa sarai, a tura muku ta WhatsApp, ta yadda ko gobara ta tashi akwai kwafi a hannunku. Ku naɗa mutum guda a gida mai riƙon dosiyen, kada ya zama kowa na da takarda ɗaya cikin aljihu. Ku kuma yi hattara da masu cewa "kawo jika 50, na san wani a Yamai". Duk kuɗɗin da hukuma ke karɓa yana da rasit. Wanda ya ce ka ba shi asalin takardunka ya tafi da su, ka riƙe abinka.

Ku kuma samari da ke cikin kaki yanzu, ku ɗauki darasi daga iyayenku. Ko rauni ƙarami ne, ku tabbata an rubuta shi a littafi ranar da ya faru, ku karɓi kwafi, ku aiko gida a ajiye. Ciwon da kake rainawa kana ɗan shekara 25, shi zai hana ka noma kana da 50.

Wanda ke da tambaya ya biyo ta gidan rediyo ko ya aiko da saƙon murya, ba sai ya faɗi sunansa a iska ba. In kun san wani tsohon soja a garinku da ba ya karatu, ku karanta masa wannan. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.